Al'adata ta ɗauke, teɓa ta fito, maigida kuma ya mai da abin wasa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a nan Jos, shekaruna 51, 'ya'yana shida. Wata 14 ke nan rabona da ganin al'ada. Tun kafin ta ɗauke gaba ɗaya na lura cikina yana turowa gaba, alhali ni ba mai ƙiba ba ce, ko bayan haihuwa cikina yakan koma. Yanzu cinyoyina kamar ma raguwa suka yi, amma teɓa ta fito, duk ɗinkunana sun matse ni. A bikin 'yar ƙanwata wata baiwar Allah ta riƙe hannuna tana cewa Allah ya raba lafiya. Na yi dariya a gabanta, na shiga banɗaki na yi kuka. Maigida ma ya mai da abin wasa, in na gifta sai ya ce yaushe ne suna, kuma a gaban yara.

Na daina karin kumallo. Da rana lemon kwalba da cincin kawai nake ci a makaranta, sai dare in ci tuwo, kuma ba zan ɓoye miki ba, nakan ci da yawa saboda yunwa. Na sayi shayin rage teɓa a wajen wata mata a WhatsApp, na kwana 10 ina gudawa har jiri ya kusa kayar da ni a aji. Ina ɗaura bel a ƙarƙashin riga. Da dare gumi ke tashe ni ko da a cikin sanyin Jos ne, barcina bai wuce na awa huɗu ba. Gwiwata na ciwo, akwai haɗin ƙwayoyi da nake saya a kemis. Mahaifiyata ciwon suga ne ajalinta. Wata ƙawata ta ce in nemi allurar rage ƙiba da ake yayi. Har na fara tunanin ko wannan ba'ar tasa share fagen ƙarin aure ce. Ki ba ni shawara don Allah.

Malama, daga Jos

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda kika shiga banɗaki a gidan biki kika yi kuka, kika wanke fuska, kika fito kika ci gaba da gaisawa da mutane kamar ba komai. Mata da yawa sun yi irin wannan kukan ba wanda ya sani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka zan yi miki magana kamar yadda zan yi wa ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

Ki fara sauke wa kanki laifi. Wannan tumbin bai fito don kin cika ci ko kin yi sakaci da kanki ba. Mafi yawan mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma idan aka yi wata 12 a jere ba a gan ta ba, likitoci sukan ce ta tafi ke nan. Ke kin yi 14. A shekarun da mace take haila, akwai wani sinadari mai suna isturojin da jikinta ke samarwa, wanda yake sa kitse ya fi taruwa a cinya da mazaunai. Idan ya ja baya, sai kitsen ya sauya masauki ya koma ciki. Shi ya sa kika ga cinyoyinki na raguwa ciki na fitowa, har mace ta hau sikeli ta ga nauyinta bai wani ƙaru ba amma zane ya daina zagaye ta yadda ya saba. Sannan ga shekaru. Daga mutum ya wuce 30 tsokar jikinsa takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma idan ba ya aikin da zai riƙe ta, ita kuwa tsoka ita ce murhun da ke ƙone abincin da muka ci. Murhu ya ƙanƙance, itacen da ake zuba masa bai ragu ba, dole saura ya taru.

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai wanda kike iya kamowa da yatsu a ƙarƙashin fata, shi ne ke ɓata miki rai a gaban madubi. Akwai kuma na can ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, ba ya kamuwa da hannu, kuma shi ne ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Da kika ambaci abin da ya yi ajalin mahaifiyarki sai hankalina ya koma kan wannan na biyun. Abin farin cikin shi ne kitsen can ciki ya fi saurin amsa motsa jiki da gyaran abinci fiye da na ƙarƙashin fata. Za ki iya samun lafiya sosai tun kafin madubi ya nuna miki wani sauyi.

Kafin ki sauya ko da cokali ɗaya na abincinki, ina so ki je asibiti. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko duk wani asibiti na kusa da ke inda za ki ga likita ido da ido. Ki je da safe ba ki ci komai ba, a auna sugan jininki. Idan ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, akan sake gwaji don tabbatar da ciwon suga. A auna hawan jini, wanda bai kamata ya riƙa kai 140 bisa 90 ba. A duba kitsen cikin jini da lafiyar ƙoda, tunda kin sha gudawar kwana 10 kuma kina shan ƙwayoyi. Ki roƙi likita ya taɓa cikin da hannunsa, in ya ga da buƙata a yi hoto. Ba kowane ciki da ya fito ba ne teɓa. Idan cikin yana da tauri ko kumburi da ba ya sauka, ko kina ƙoshi da loma kaɗan, ko kina yawan jin fitsari, ko akwai ciwon mara da ya ƙi tafiya, ki faɗa masa a fili, domin wasu cututtukan mahaifa da na ma'ajiyar ƙwai haka suke farawa a shiru. Wani abu kuma da nake so ki riƙe har ki gaya wa ƙawayenki: duk jinin da mace ta gani bayan ta shekara ba al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo ta zauna a gida tana lissafin kwanakin salla. Asibiti za ta je a makon.

Haɗin ƙwayoyin gwiwar nan ki zuba su a jaka ki tafi da su, likita ya gani da idonsa. Sau da yawa irin wannan haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda yakan ƙunshi ƙwayoyi irin su dezametason ko firedinisolon. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa mutane ke yabonsu, amma shan su na tsawon lokaci yana tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, yana siranta ƙafa da hannu, yana ɗaga suga da hawan jini, yana kuma raunana ƙashi. Irinsu ne ma ake cusawa a cikin abin da 'yan mata ke kira sha ka fashe. Ban ce lallai su ne a ledarki ba, amma yadda kika kwatanta jikinki ya isa a bincika. Idan kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya da kanki, akan rage su ne a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Shayin kuwa ki zubar. Yawancinsu filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari. Ruwan jikinki da gishirinsa suke fitarwa, sikeli ya nuna kin ragu da kilo biyu, ki sha ruwa kwana biyu ya dawo, kitsen yana nan inda yake. Jirin da ya kusa kayar da ke a gaban ɗalibai gargaɗi ne jikinki ya yi miki. Bel ma ba ya narkar da komai. Yana matse ciki ya tura abinci sama ya jawo ƙwannafi, ya hana ki cika huhu da numfashi, kuma tsokar cikin da ya kamata ta riƙe ki sai ta saba da jingina. Idan ranar biki ce kina son riga ta zauna, na awa biyu ko uku, ba zan hana ki ba. Na kullum daga safe zuwa tashin makaranta, ki bari.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato yadda kike wuni. Na san da kyakkyawar niyya kika daina karin kumallo, amma ki duba abin da ya biyo baya. Kina fita da sassafe cikin sanyi ba komai a cikinki, kina tsaye a gaban yara har ƙarfe goma sha ɗaya, jiki ya fara rawa, sai ki aiki yaro ya sayo lemo da cincin. Kwalbar lemo babba, mai santilita 50, takan ɗauki sukari da ya kai giram 50, kusan cokalin shayi 12. Wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a wuni guda cur, ta kuma ce in an tsaya a cokali 6 ya fi. Cincin fulawa ce da sukari da mai. Babu abin da zai riƙe ki a cikinsu, bayan awa ɗaya yunwar ta dawo da ƙarfinta. Sai dare, kin gaji, kin yi girki, ƙamshin miya ya cika gida, ki zauna gaban tuwo malmala biyu ko uku, ki ci ki kwanta a kai. Duk wadda ta wuni haka abin da za ta yi ke nan, ba rashin haƙuri ba ne. A lissafe kina jin kamar sau ɗaya kike cin abinci, alhali jikinki yana samun sukari da sitaci fiye da da, kuma ba ya samun abin gina tsoka. Yunwa tana cinye tsokar da ta rage miki, teɓar kuma tana nan.

Ki juya tsarin. Ki ci abinci na ƙwarai da safe da rana, ki sassauta da dare. Da safe ƙwai biyu dafaffu, ko alale, ko dafaffen wake, ko awara, tare da kunun tamba ko na gyaɗa ba sukari, in ya zama dole cokali ɗaya. Tamba tana da sinadarin ƙarfafa ƙashi mai yawa, kuma a shekarunki ƙashi na buƙatarsa domin shi ma isturojin ne ke kare shi a da. Nono ko kindirmo marar sukari ma haka. Ki sayi ƙaramar kula ki riƙa tafiya da abincinki makaranta, ko ragowar na jiya ne. A jakarki ki ajiye gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, ko karas, ko gwaiba, ko lemon ɓawo ki ci da tsokarsa, don lokacin da bakin zai nemi abin taɓawa.

Allah ya ajiye ki a garin da ya fi ko'ina sauƙin wannan aikin. Mutanen Abuja da Legas da tsada suke sayen abin da ake jibgewa a kasuwar Farin Gada: kabeji, karas, koren wake, latas, kokwamba, tattasai. Idan za ki zuba abinci, ki raba farantinki a ido. Rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko kaza ko wake ko ƙwai, kwatan ƙarshe shi ne na tuwo ko shinkafa ko dankali, kamar girman dunƙulen hannunki. Ban ce ki bar tuwo ba. Malmala ɗaya ƙarama da miya mai yawa, ta kuka ko kuɓewa ko taushe ko zogale, ya fi miki malmala uku da miya a gefe. Gwaten acha da aka cika wa yakuwa da alayyafo da gauta abincin dare ne da ba na jin akwai kamarsa ga mace irinki. Sai dai ki sani acha ma hatsi ce. Mutane sukan ɗauka tunda ana ba masu ciwon suga ita to a ci iya ci, alhali ita ma da awo ake cin ta. Dankalin Turawa kuma, wanda ba a raba ɗan Jos da shi, ki dafa shi da ɓawonsa ko ki yi fate da shi da ganye. Soyawar ce ke mai da shi wani abu dabam, domin cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 120, kuma kin san yawan cokulan da kaskon suya ke sha. Ki riƙa auna man girki da cokali a maimakon tuttulawa daga galan. Gishiri da dunƙulen magi ma a rage, daddawa da citta da tafarnuwa da albasa su cike gurbin. Zoɓo da kunun zaƙi ki haɗa naki a gida don ki san yawan sukarin da ya shiga.

Kada ki ware wa kanki tukunya. Mace mai aiki da gidan mutum takwas ba za ta jure girki biyu ba, sati biyu za ki yi ki gaji. Tukunya ɗaya, ki ƙara ganye, ki rage mai, kowa ya ci, ke dai ki kula da abin da ke shiga farantinki. 'Ya'yanki ma jikokin mai ciwon suga ne, gyaran zai amfane su. Ki yi ƙoƙari abincin dare ya shiga ciki tsakanin magariba da isha, a samu awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Idan kina azumin Litinin da Alhamis, ki ci gaba da abinki muddin likita bai hana ba, amma ki yi sahur na kirki, kuma kada buɗa-baki ya zama ramuwar gayya.

Sai motsa jiki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa manya shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki, wato minti 30 sau biyar, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Tafiya ta wadatar, amma ta sauri, irin wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera karatu ba. Ba sai a lokaci ɗaya ba. Ki sauka daga Keke Napep kafin ki iso makaranta ki ƙarasa da ƙafa, ki zagaya filin makaranta lokacin tara, ki yi minti goma kina kai da komo a tsakar gida bayan abincin dare, wanda yana taimakawa ƙwarai wajen sauke sugan jini. Ki nemi abokiyar tafiya cikin malaman makarantarku ko maƙwabta, ku saka hijabanku da takalmi mai laushi ku fita bayan gari ya waye. Saboda gwiwarki ki fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya, ki bar hawa da gangaren unguwannin Jos sai ƙafa ta yi ƙwari.

Ƙarfafa tsokar nan shi ne abin da matanmu suka fi tsallakewa, kuma a wurina shi ne rabin maganin. Ba ya buƙatar zuwa ko'ina. Ki rufe ɗakinki, ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma. Ki dafa bango da tafukan hannu ki kai ƙirji kusa ki tura kanki baya, sau goma. Ki cika gorunan ruwa biyu na lita ɗaya da rabi ki ɗaga su daga kafaɗa zuwa sama, sau goma. Ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa ki ɗaga ƙugu sama, sau goma. Ki huta ki maimaita zagayen sau biyu, daga baya sau uku, in ya yi sauƙi ki ƙara nauyi. Minti 20 ya isa. Tsokar cinya idan ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa kaya, sau da yawa ciwon ma yakan ragu. Amma motsin da ake cewa a kwanta a riƙa tasowa sau ɗari don narkar da teɓa, ba ya ƙone kitsen wurin. Jiki ba ya zaɓar inda aka motsa ya cire kitse daga nan, daga ko'ina yake ɗiba.

Na ce miki mahaifiyarki ta tsaya min a rai, to ga abin da zai ƙarfafa miki gwiwa. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da sugansu ya fara hawa, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, waɗanda aka ɗora a kan tafiyar minti 150 a mako da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 75, kashi 7 bai fi kilo biyar da ɗan wani abu ba. Gadon ciwo ba hukuncin da aka yanke miki ba ne.

Barcin awa huɗu kuwa shi kaɗai ya isa ya rushe duk ƙoƙarinki. Wanda bai yi barci ba yakan tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi, kuma damuwa da rashin barci suna da hannu a taruwar kitse a ciki. Babba na buƙatar awa bakwai. Gumin daren nan da zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska duk cikin alamomin ɗaukewar al'ada ne. Ki kwana da rigar auduga marar nauyi, ki yi amfani da mayafai biyu sirara da za ki iya yaye ɗaya a maimakon bargo mai kauri, ki ajiye ruwa kusa da gado. Ki bar shayi mai ƙarfi da kofi da goro daga la'asar, ki rage yaji da dare, ki ajiye waya nesa da matashi. Idan duk da haka gumin na hana ki barci, ki gaya wa likitan mata. Akwai maganin da ke mayar wa jiki sinadarin da ya rasa, yana aiki sosai a kan gumi da zafin jiki, sai dai ba maganin rage ƙiba ba ne, kuma ba a ba wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini a jijiya. Akwai wasu magungunan ga wadda wannan bai dace da ita ba. Likita ne zai auna.

Allurar da ƙawarki ta ambata, irin su Ozempic, magani ne na gaske da aka fara yi don masu ciwon suga, kuma yana rage nauyi. Amma yana da tsada, yana da nasa illolin kamar tashin zuciya da amai, nauyin yakan dawo idan aka daina, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunsa na yawo. Wadda shayin WhatsApp ya kusa kayarwa bai kamata ta karɓi allura daga hannu irin wancan ba. In gwaje-gwajenki sun nuna kina buƙatarsa, likita zai rubuta miki.

Bari mu zo kan maigida. Ban ji ta bakinsa ba, don haka ba zan yanke masa hukuncin mugunta ba. Maza da yawa na zamaninsa ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu abin da ke faruwa da jikin mace a wannan shekarun. Iyayenmu ba sa maganar, mu ma kunya ta hana mu. Mai yiwuwa a ganinsa raha yake yi da matar da suka shekara kusan talatin tare, kuma tunda kina dariya ko kina shiru, ya ɗauka kina jin daɗin wasan. Amma rashin sani bai mai da abin daidai ba. Cikin nan da yake yi wa ba'a shi ya ɗauki 'ya'yansa shida wata tara-tara. Yin hakan a gaban yara kuma ya fi muni, domin 'yan matan suna koyon cewa jikin mace abin dariya ne, samarin kuma suna koyon yadda za su yi wa matansu gobe.

Ki same shi ku biyu, a lokacin da ya ci ya huta, ba a daidai lokacin da ya yi ba'ar ba. Ki kira shi da sunan da kika saba girmama shi da shi, ki ce: "Akwai maganar da nake so mu yi. Na san wasa kake yi idan ka ce yaushe ne suna, amma wallahi yana ƙona min rai, har kuka nake yi. Jikina yana sauyawa ne saboda al'ada ta ɗauke, ba na barci, kuma ina tsoron ciwon da ya ɗauki Inna. Ina so ka raka ni asibiti." Ki tsaya a nan, kada ki haɗa da tsofaffin laifuffuka. Rakiyar asibitin tana da amfani biyu: zai ji bayanin daga bakin likita, wanda maza suka fi saurin yarda da shi, kuma a auna nasa hawan jinin da sugan, don da wuya namiji mai shekarunsa a ce ba ya buƙata. In Allah ya sa ya zama shi ne abokin tafiyarki ta safe, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan kuwa kin faɗa masa sau ɗaya, sau biyu, ya ci gaba, to ya tashi daga rashin sani. A nan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko amininsa ko malamin da yake girmamawa, ya yi masa magana a asirce. Yaran kuma ke da kanki za ki iya ce musu ba a yi wa uwa dariya, ko wa ya fara.

Zancen ƙarin aure, a wasiƙarki ban ga abin da ya nuna shi ba sai ba'ar. Zuciyar da ba ta samu barci ba takan ƙulla abu da yawa da tsakar dare. Idan tunanin ya ci gaba da cin ki, ki tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, ya fi ki riƙa auna kowace kalmarsa. Abin da ba na so shi ne ki ɗaura lafiyarki a kan wannan tsoron. Namijin da ya yi niyyar ƙara aure siririyar mata ba ta hana shi, wanda bai yi niyya ba kuma teɓa ba ta tura shi. Idan don kada a yi miki kishiya za ki rage ciki, za ki koma wa yunwa da shayin gudawa, domin tsoro gaggawa yake so. Ki yi don ki ga auren autarki da ƙafafunki, ki yi sujada ki miƙe ba tare da dafa bango ba. Baiwar Allahn gidan biki kuwa, addu'a ta yi miki bisa kuskure, ki yafe mata.

Ki ari tef ɗin tela. Da safe kafin ki ci komai, ki tsaya, ki saki numfashi ba tare da shanye ciki ba, ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya. Ga mace, daga santimita 80, wato inci 31 da rabi, haɗari ya fara, daga 88, kusan inci 35, ya yi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce awon cikinki kada ya kai rabin tsawonki. Ki rubuta a bayan littafin darasinki, ki sake awo bayan kowane mako biyu, ba kullum ba. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, wani makon ma ba za ki ga komai ba. Zan gaya miki gaskiya, da wuya cikin ya koma irin na shekara 30, wataƙila wata 'yar teɓa ta zauna tare da ke. Amma inci biyu ko uku a wata uku zuwa shida abu ne mai yiwuwa, kuma za ki ji shi a numfashinki da barcinki da gwiwarki.

Kafin nan, ki kwashi ɗinkuna uku da kika fi so ki kai wa telarki ta buɗe su, ko ki ɗinka sababbi biyu daidai jikinki na yau, don kada kowace safiya ta fara miki da kokawa da zif. Ranar Litinin ki nemi izini a makaranta ki je asibitin da ledar ƙwayoyin a jakarki. Idan sakamakon ya fito ki sake rubuto min, ki haɗa da awon tef ɗinki na farko da abin da maigida ya ce, mu ga inda za mu ɗora. Allah ya ƙara miki lafiya, Malama.